Agogon fosdok yana fara bugawa tun kafin ka huta da gajiyar digiri

Jama'a barkanmu da warhaka. Kwanakin baya wani ƙanina a karatu, wanda yanzu yake shekarar ƙarshe ta digirin digirgir a fannin injiniyanci, ya turo min saƙo yana cewa "Yaya ni fa sai na gama difens na ɗan huta tukunna sannan zan fara tunanin fosdok" (difens shi ne zaman kare kundin digiri, fosdok kuma aikin bincike na ɗan lokaci da ake yi bayan digiri na uku), wallahi da na karanta saƙon nan sai da na ajiye wayar na yi shiru na ɗan lokaci, saboda maganar nan ita ce sak wadda na faɗa wa kaina shekarun baya, kuma ta ci min kusan shekara biyu ina zaune ina jiran abin da tuntuni ya kamata a ce na nema. Na kira shi mun yi magana sama da awa ɗaya, da muka gama sai na ga gara in rubuta a nan kowa ya amfana, don na san ba shi kaɗai ba ne yake da wannan tunanin.

Bari in fara da abin da ni ban gane ba sai da na shiga ciki. Idan aka ce fosdok, abu biyu ake nufi kuma ba ɗaya suke ba ko kaɗan. Na farko shi ne wani farfesa ya nemo kuɗin bincike da sunansa, a cikin kuɗin akwai gurbin ɗaukar mai digiri na uku ya yi masa aikin, sai a sa talla, ka nema, a yi maka intabiyu, a ɗauke ka. Wannan aiki ne kamar kowane aiki, tambayar binciken tasa ce, shi zai ce ga inda aka dosa, ranar da kuɗin suka ƙare kai ma ka ƙare. Na biyun shi ne feloshif, wato kai ne ka zauna ka tsara abin da kake son ka bincika, ka samo farfesan da zai karɓe ka a ɗakin gwajinsa, ka rubuta furofozal, wato takardar tsarin binciken da kake son yi, wata gidauniya ko hukuma ko ita jami'ar ta ba ka kuɗin da sunanka. A na biyun nan kai ka zo da guzurinka, mai masaukinka ya ba ka benci da na'urori da shawara, amma ba shi yake biyan ka ba, kuma wannan ɗan bambancin yana canza komai, daga yadda ake kallon ka a lab har yadda za a karanta takardunka ranar da ka fito neman kujerar lakcara. Ban ce na farkon ba shi da kyau ba fa, mutane da yawa ta nan suka bi suka zama abin da suka zama, ni ma da shi na fara, amma duk wanda yake da niyyar wata rana ya buɗe nasa rukunin bincike to ya sa ido a kan na biyun.

To a nan ne maganar agogo ta shigo. Kusan duk wani feloshif mai daraja yana da iyakar shekaru, ba shekarun haihuwa ba, shekarun da suka wuce tun da ka gama digirin. Na gidauniyar Alexander von Humboldt da ke Jamus, ɓangaren fosdok, sai wanda bai wuce shekara 4 da gamawa ba, kuma suna bayarwa daga wata 6 zuwa wata 24. Na JSPS, hukumar tallafa wa bincike a Japan, shekara 6 ne, a zauna wata 12 zuwa 24. Na Tarayyar Turai mai sunan Marie Curie ya fi sassauci, har shekara 8 ta aikin bincike bayan digiri. Masu kimiyyar halittu su nasu ya fi tsauri, ƙungiyar EMBO ta Turai shekara 2 kacal take ba ka, shirin HFSP na ƙasa da ƙasa shekara 3, kuma dukansu suna son su ga aƙalla takarda ɗaya da kai ne marubuci na farko a kanta. Yanzu ka lissafa, ka gama ka ce za ka huta wata shida, ka fara nema ka tarar an rufe na bana sai baɗi, ka nema baɗin, a ɗau wata biyar ko shida kafin sakamako ya fito, ba ka samu ba, ka gyara ka sake, kafin ka ankara shekara uku sun tafi wasu ƙofofin sun rufe ba tare da ka ko ƙwanƙwasa ba. Kuma kowace hukuma da ranar da take fara ƙirga, wata daga ranar difens, wata daga ranar da ke rubuce a jikin satifiket, dan Allah ka buɗe ƙa'idojinsu ka karanta da idonka kada ka dogara da wai-wai.

Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, shekara guda kafin ka gama ita ce lokacin farawa. Ba lokacin tura takardu ba lallai, lokacin neman mai masauki.

Kuma gaskiya wannan neman mai masaukin shi ne inda na fi yin asara, don haka bari in ɗan daɗe a kai. Da na fara nema sai na rubuta imel ɗaya doguwa, na zuba tarihina tun daga digirin farko, na yabi farfesa da cewa aikinsa ya burge ni, na manna takardar bayanin karatuna, sai in canza suna kawai in tura wa na gaba. Na tura wa mutane da yawa sosai a cikin sati biyu, amsa biyu na samu, dukansu na ban haƙuri. A lokacin na ɗauka ko don ba su san jami'ar da na fito ba ne, ko don ba ni da wanda zai tsaya min, sai daga baya da na zauna kusa da wata farfesa na ga yawan saƙonnin da ke shigo mata a rana irin nawa sak, kowa "aikinki ya burge ni" amma babu wanda ya ambaci ko takarda ɗaya da ta rubuta, sannan na gane ashe ni na rufe wa kaina ƙofa. Mutumin da yake karɓar irin wannan saƙon kullum, layi biyu na farko yake karantawa ya san ko an rubuta masa ne ko an rubuta wa duniya.

Wadda ta yi aiki ba ta kai layi goma sha biyu ba. Ni ɓangarena sinadaran da ake haɗa batir da su ne, sai na ɗauki takardun wani rukuni guda uku na karanta su a tsanake har da ƙarin bayanan da ake ajiyewa a gefe wanda yawancin mutane ba sa buɗewa, na ga a ɗaya daga ciki sun lura batirinsu yana rasa ƙarfi bayan an yi ta caji da saukewa, sun faɗi abin da suke zaton shi ne dalili amma ba su auna shi kai tsaye ba, ni kuma hanyar auna irin wannan abin ita na shafe shekara huɗu ina yi. Sai na rubuta masa cewa na karanta takarda kaza, a hoto na kaza kun ga abu kaza, ni ina da hanyar da za a gwada ko zatonku daidai ne, ga takardata inda na yi irinsa a wani sinadarin, akwai feloshif kaza da za a rufe wata kaza, za ka yarda ka zama mai masaukina mu rubuta tare? Washegari da safe na tarar da amsa, ya ce mu yi magana ta bidiyo ranar Alhamis. Ban canza ba, jami'ar da na fito ba ta canza ba, abin da ya canza shi ne na zo masa da abin da yake buƙata kuma na nuna masa kuɗin ba daga aljihun rukuninsa za su fito ba.

Sai rubuta furofozal ɗin kansa. Karon farko ban samu ba, kuma ina son in faɗi dalili don shi ne darasin da ya fi min amfani a duk tafiyar. Da rahoton masu tantancewa ya zo sai na ga kimiyyar ba su taɓa ta ba, sun ma yaba, inda suka kama ni shi ne ban faɗi abin da zan yi ba idan gwajin farko ya ƙi, ban nuna dalilin da ya sa sai wannan lab ɗin ba wani ba, kuma ban ce komai ba a kan abin da ni zan koya da abin da zan koya musu. Ni na ɗauka gasar wanda ya fi ilimi ce, ashe tambayar da suke yi ita ce, wannan mutumin, da wannan aikin, a wannan wurin, cikin wata 24, zai yiwu? kuma idan ya gama zai fi yadda ya shigo? Duba yadda na Marie Curie suke raba maki ka gani, kashi 50 ingancin binciken da mai binciken, kashi 30 tasirin aikin a kan makomarka da kan al'umma, kashi 20 tsarin aiwatarwa, wato rabin makin gaba ɗaya ba a kan zurfin kimiyyarka yake ba, kuma babban ɓangaren shafi 10 kawai aka ba ka ka faɗi duk wannan. Masu nema a shekara sun haura dubu goma, don haka maki ɗaya ko biyu yana raba wanda ya samu da wanda bai samu ba, sannan sun sa doka cewa wanda makinsa bai kai wani adadi da suka ƙayyade ba, ba zai sake turawa da wannan mai masaukin a shekara mai zuwa ba, to ka ga ba abin da za ka ce bari in jefa in gani ba ne. Wanda ya kai kashi 85 amma kuɗi ba su kai kansa ba ana ba shi wata takardar shaidar inganci, kuma akwai ƙasashe da jami'o'in da suke ɗaukar masu wannan takardar su biya su daga nasu asusun, mutane da yawa ba su san da wannan ba sai su jefar da ita.

Akwai kuma dokar ƙaura da take kama mutane ba shiri. A na Marie Curie ba za ka zaɓi ƙasar da ka zauna ko ka yi aiki a cikinta sama da wata 12 cikin wata 36 da suka gabaci ranar rufewa ba. Wato idan a Faransa ka yi digirinka ba za ka nemi ka ci gaba da zama a Faransa da wannan kuɗin ba, sai ka tsallaka. Kuma ba sai ɗan Turai ba, kowane ɗan ƙasa zai iya neman wanda ake yi a cikin Turai, yawanci a watan Satumba ake rufewa. Na san mutumin da ya gama rubuta komai tsaf sati biyu kafin rufewa sannan ya gano bai cancanta ba saboda wannan dokar, abin ya ba ni tausayi matuƙa.

Sauran kuma kowanne da halinsa. A na JSPS mai masaukin ne yake shigar da takardun ta jami'arsa ba kai ba, ko kuma ka bi ta hukumar da ke wakiltarsu a wasu ƙasashe, suna biyan yen 362,000 a wata. Humboldt suna ba ka damar koyon Jamusanci na wasu watanni kafin ka fara, kuma abin da ya fi burge ni da su shi ne ba sa sakin mutum bayan ya gama, kana cikin zuriyarsu har abada, za ka iya komawa ziyarar bincike daga baya, sannan suna da wani mai sunan Georg Forster da aka ware wa masu bincike daga ƙasashe masu tasowa waɗanda aikinsu ya shafi ci gaban ƙasashensu. TWAS, cibiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1983, ita tata hanyar daban ce, tana haɗa masu bincike daga ƙasashe masu tasowa da dakunan gwaji a wasu ƙasashe masu tasowa irin su Indiya da Brazil, kuma kada wanda ya raina wannan, akwai na'urori da malamai a can da za su ishe ka ka yi aikin da duniya za ta karanta. A Ingila akwai na Newton da Royal Society take bayarwa ga waɗanda za su zo daga waje. A Amurka sai ka yi hattara, da yawa daga na gwamnati kamar na NSF, hukumar kimiyya ta ƙasar, sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, amma na Hubble da NASA take ɗaukar nauyi ga masu ilimin taurari a buɗe yake ga kowa kuma ana bayarwa har na tsawon shekara 3, sannan jami'o'i da yawa suna da nasu na cikin gida da ba ruwansu da fasfo, kamar na Miller a Berkeley da na Society of Fellows a Harvard wanda yake tun 1933, sai dai waɗannan ba kai kake nema kai tsaye ba, sai wani malami ya gabatar da sunanka, wanda hakan ke nufin dole ka buɗe baki ka roƙi malaminka da wuri.

Wani abu da na lura da shi a 'yan shekarun nan shi ne masu ba da kuɗi suna son mutumin da zai tsallaka daga fanninsa zuwa wani. Schmidt Science Fellows sharaɗinsu kenan ma, sai ka bar abin da ka yi digiri a kai ka koma wani gefen, kuma jami'arka ce za ta gabatar da kai. A 2022 kuma iyalan Schmidt ɗin suka buɗe wani na masu son amfani da ƙirƙirarriyar basira a binciken kimiyya da injiniyanci, a jami'o'i tara da suka haɗa da Oxford da Toronto da Michigan da Cornell. HFSP su ma suna da gurbi na musamman ga mai lissafi ko fiziks ko injiniya da yake son ya shiga kimiyyar halittu. Ni ina ganin wannan alheri ne ga wanda yake jin ya ƙoshi da ƙaramin lungun da ya shafe shekaru a ciki, amma fa ba wasa ba ne, shekarar farko za ka koma kamar ɗalibi, ɗan digiri na biyu zai riƙa nuna maka yadda ake riƙe kayan aiki, sai mai haƙuri da sauƙin kai.

'Yan uwana mata, ku ma ina da magana da ku, don na ga da yawa suna cire kansu tun kafin a cire su saboda sun haihu a tsakani suna ganin shekarun sun wuce. Ku karanta ƙa'idar da kyau, yawancin manyan hukumomin nan suna cire hutun haihuwa da jinya daga lissafin, na Marie Curie ma har da shekarun da mutum ya yi ba a aikin bincike ba ana cirewa, kuma suna ƙara kuɗin iyali ga mai iyali. Akwai Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger, tun 2004 suke ɗaukar nauyin mata daga ƙasashe masu tasowa a kimiyya da injiniyanci, digiri na uku da fosdok duka, akwai kuma na L'Oréal da UNESCO. Kada ki yanke wa kanki hukunci, bar su su yanke.

Yanzu abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina, kuma shi ne wanda ba a rubutawa a talla. Mai masauki. Sunan jami'a yana da amfani ban musa ba, amma ba da jami'a za ka zauna ba, da mutum ɗaya za ka zauna, shi zai karanta rubutunka ko ya bar shi wata uku a tebur, shi zai ambaci sunanka a taro ko ya ce "rukunina ya gano", shi zai rubuta maka wasiƙar da za ta kai ka mataki na gaba. Wani abokina ya samu feloshif mai kyau ya tafi babban lab mai mutum sama da talatin, a shekara biyu bai zauna da farfesan ba sai sau ƙalilan, da aikin ya fara ba da sakamako kuma sai aka raba shi ga ɗalibai biyu aka ce ai na rukuni ne, ya fito ba shi da abin da zai ce nasa ne ya ɗauka ya tafi da shi. Don haka kafin ka amsa, ka nemo waɗanda suka yi fosdok a wurin suka tafi, ba waɗanda suke ciki yanzu ba don su bakinsu a ɗaure yake, ka tambaye su a asirce, ina suke yanzu, za su sake komawa in an ce su zaɓa? Shi kuma farfesan ka tambaye shi ido da ido tun kafin a sa hannu, idan na gama wane ɓangare na aikin nan zan iya tafiya da shi in gina nawa, wa zai zama marubuci na farko, wa zai zama wanda ake tuntuɓa a kan takardar, za ka bar ni in kula da ɗalibi, za ka bar ni in koyar ko da aji ɗaya ne. Mutumin kirki ba zai ji haushin tambayoyin nan ba, wanda ya ɓata rai kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Ka tambayi maganar na'urori ma, don a takarda kowane lab yana da komai. Ina tuna watannina na farko, akwatin nan da ake haɗa batir a cikinsa, wanda aka cika da iskar argon saboda lithium ba ya shiri da danshi ko iskar da muke shaƙa, guda ɗaya ne mu takwas, ka zura hannuwanka cikin dogayen safar roba baƙaƙe har kafaɗa kana ƙoƙarin ɗaukar wani ɗan faifai da bai kai farcen babban yatsa ba da hantsaki, gumi yana taruwa a cikin safar, wani kuma yana tsaye a bayanka yana duba agogo don lokacinsa ya yi. Madubin lantarki, wato na'urar da ake duba ƙananan abubuwa da ita, kuwa sai ka yi rajista sati uku kafin ranar, in samfurinka ya lalace a ranar shi kenan sai wani sati ukun. A digiri na uku sati uku ba komai ba ne, a fosdok na wata 24 kuwa, ka cire wata uku na sabo da wuri da takardun tsaro da horon na'ura, ka cire wata shida ko fiye na ƙarshe da za ka shafe kana neman aiki na gaba, abin da ya rage maka na ainihin bincike bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Shi ya sa nake ba da shawara mutum ya shiga da aiki biyu, ɗaya babba mai haɗari wanda in ya yi zai ɗaga sunanka, ɗaya ƙarami wanda ka tabbata zai ba da takarda ko ta halin ƙaƙa.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba kuma. Kwantiragi ne gajere, albashin bai kai na wanda kuka gama tare ya shiga kamfani ba, musamman a injiniyanci da kwamfuta, kuma kujerun dindindin a jami'o'i ba su kai yawan masu neman su ba ko kusa. A ƙarshen 2022 ma'aikatan ilimi kusan 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, ciki har da 'yan fosdok, sun shiga yajin aiki a kan albashi da yanayin aiki, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ko a manyan wurare abin ba daɗi zalla ba ne. Ga ɗawainiyar iyali, ka kwashi mata ko miji da yara zuwa inda ba su san kowa ba, kafin su saba kuma an ce a sake tashi. Ga biza, wasu nau'in bizar Amurka ta J-1 suna zuwa da sharaɗin sai ka koma ƙasarka shekara 2 kafin ka nemi wasu nau'o'in zama, a Ingila kuma masu wasu fannonin injiniyanci da fiziks da makamantansu daga ƙasashe da yawa sai sun samu takardar izinin tsaro mai suna ATAS kafin su fara, kuma tana ɗaukar lokaci. Saboda haka injiniyan da ya san kamfani zai shiga, ni ban ga dalilin da zai sa ya yi fosdok don kawai kowa yana yi ba, sai in akwai wata fasaha takamaimai da yake son ya ƙware a kai. Amma wanda bincike yake ransa, wanda tambaya take hana shi barci, ban san wani lokaci a rayuwar mai ilimi da ya kai wannan daɗi ba, babu jarrabawa, babu tarukan sashe, babu tulin takardun ɗalibai, kai da tambayarka kawai, kuma daga nan ne ake taka matakin manyan kuɗi irin na ERC, majalisar bincike ta Turai, da ke kai wa Yuro miliyan 1.5 na shekara 5 ga mai fara kafa rukuninsa.

Wasiƙun shaida, kada in manta. Ka sanar da malamanka wata biyu kafin lokaci, ka tura musu furofozal ɗin da ranar rufewa da ɗan taƙaitaccen abin da kake son su tuna game da aikinka, ka sake tunatarwa saura sati biyu, ka sake saura kwana uku cikin ladabi. Na taɓa rasa wata dama sukutum saboda wasiƙa ɗaya ba ta shiga ba har aka rufe shafin, komai nawa ya cika, kuma babu wanda zai saurari uzurinka. Tallace-tallacen kuwa suna nan a Euraxess da jobs.ac.uk da Nature Careers da shafukan su kansu hukumomin, ka gyara shafinka na Google Scholar da ORCID, inda ake ganin jerin takardun da ka wallafa, tun yanzu don farfesa kafin ya ba ka amsa can zai fara leƙawa.

Shi ƙanin nawa da na fara da labarinsa, bayan mun gama waya na ce ya kawo min sunayen rukuni biyar da yake karanta takardunsu ba don an sa shi ba, ya kawo uku, na ce sun isa. Ya rubuto imel ta farko shafi guda cur, muka yi ta yanka har ta dawo layi goma, muka cire duk yabon muka bar tambaya ɗaya a kan wani gwaji da suka wallafa bara. Biyu ba su amsa ba har yanzu. Ta ukun, wata farfesa, ta amsa bayan kwana huɗu ta ce ya turo mata shafi biyu na abin da yake son yi kafin ƙarshen wata, kuma ta tambaye shi yaushe ne difens ɗinsa. Jiya da daddare ya turo min shafi biyun, yanzu haka su zan buɗe in fara dubawa.